Mai Madubin Ƙofar Kuyambana

A shekarar da aka ɗauke wani ɗan kasuwa daga gidansa a bayan ganuwa, mutanen Ƙofar Kuyambana suka daina sakin jiki da baƙuwar fuska. Mutumin ya dawo a rame, yana cewa waɗanda suka tafi da shi sun san sunan matarsa, sun kuma san ƙofar gidansa da ba ta kulluwa da kyau. Tun daga nan kowa ya tabbata akwai mai kai musu rahoto.

Inuwa mai aikin hannu ne, yana yi wa manyan riguna ado da zare da allura. Wurin zamansa gindin wata bishiyar dogon yaro ne kusa da ƙofar, inda duk mai shiga birni da mai fita sai ya wuce ta gabansa. Ba mai yawan magana ba ne, amma ba abin da ke wuce shi.

A ƙarshen bazara, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, wani tsoho ya sauko daga keke napep. Dogo ne siriri, ya cusa riga cikin wando, da malafa a kai, ga madubin hangen nesa rataye a wuyansa. Ya yi wa Inuwa sallama da Hausa tsantsa, ya wuce. Bai yi nisa ba ya tsaya, ya ɗaga madubin ya saita shi kan wani babban rimi da ke bayan gidan wani attajiri. Ya daɗe a haka. Sannan ya ciro waya ya ɗauki hoto.

Salisu mai shayi, wanda teburinsa ke ɗaya gefen hanya, ya taso da ludayi a hannu.

“Inuwa, ka ga abin da na gani?”

“Na gani.”

“Gidan Alhaji yake leƙa fa.”

Inuwa ya ɗaga kai ya dubi rimin. Shamuwa ce ta sauka, ba su fi 'yan kaɗan ba, baƙaƙe da fararen ciki, suna ta gyara tsofaffin sheƙunansu. Shi kansa bai lura sun iso ba sai yanzu.

“Wataƙila shamuwa yake kallo,” in ji shi.

“Shamuwa? Tsoho da furfurarsa ya biya kuɗin mota ya zo kallon shamuwa? Ita shamuwar yau ta fara zuwa Zariya?”

Inuwa ya koma kan allurarsa.

Tsohon ya ci gaba da zuwa, yawanci da safe bayan rana ta ɗan ɗaga. Yakan fita ta ƙofar ya bi gefen ganuwa, ya gangara fadamar da ke tsakanin gonaki da kududdufi. Masu keke suka ce daga Wusasa suke ɗauko shi, sunansa Yona, tsohon akawu ne da ya yi ritaya. Wannan bai kwantar wa kowa da hankali ba. Salisu ya ce ai wanda ya yi aikin ofis shi ya fi iya tsara bayani.

Magana ta kai kunnen Mai Unguwa Zulkiflu. Ya kira Inuwa zaurensa.

“Ba na son 'yan sintiri su taɓa shi, yara ne masu zafin kai. Idan ba shi da laifi muka wulaƙanta shi, mun ja wa unguwa abin kunya. Idan kuma yana da shi muka yi sakaci, Allah ba zai bar mu ba. Kai kana da natsuwa. Ka riƙa bin sa daga nesa, ka ga wa yake haɗuwa da shi, me yake ɗauka.”

“Ranka ya daɗe, aikina fa?”

“Allura ai ba ta da nauyi. Tafi da ita.”

Haka Inuwa ya fara bin Yona. Yakan naɗe rigar da yake wa aiki ya saɓa a kafaɗa, ya bar tazara, in tsohon ya tsaya shi ma ya sami gindin itace ya zauna kamar mai neman inuwa.

Bayan ruwan farko ƙasa ta yi taushi, albasar kwaɗi ta fito da manyan fararen furanni masu jan zane a bakin kududdufi. Inuwa ya ga Yona ya durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya a laka, yana ɗaukar su hoto. Da ya tafi, Inuwa ya je ya duba wurin sosai, ya tona ƙasar da tsinke ko an binne wani abu. Ba kome sai sawun takalmi. Amma da ya miƙe ya lura cewa daga daidai wurin ana hango bayan gidaje da ƙananan ƙofofinsu na fita gona. 

Da ya gaya wa Salisu, sai ya buga tebur. “Ka gani? Furen nan fakewa ce.”

Damina ta yi nisa. Tsuntsayen gado suka cika giginyar bakin rafi da saƙa da hayaniya. Duman kada ya malale gefen hanya da furanni masu ruwan hoda, bado ya rufe kududdufi, yana buɗewa da safe ya tsuke in rana ta take. Mulufi, wanda duk rani ba ka bambanta shi da sauran ƙananan tsuntsaye, ya rikiɗe ya koma ja wur da baƙin ciki, yana hawa kan dogayen ciyayi yana kumbura. Yona yakan tsaya gabansa kamar an dasa shi. Wata safiya kuma ya sami malam-buɗe-littafi, farare da rawaya, sun taru a kan danshin da shanu suka tattake suna sha. Ya zauna a ƙasa ya zuba musu ido, har Inuwa ya gama hannun riga guda bai motsa ba.

Abin da ya fi damun Inuwa shi ne wayar. Duk lokacin da tsohon ya ga wani abu, sai ya kai ta bakinsa ya yi magana ƙasa-ƙasa. Wata rana iska ta kawo masa 'yan kalmomi.

“Sun ƙaru. Suna nan gefen yamma, wajen giginya. Manyan ba su fito ba tukuna.”

 A gefen yamma, bayan giginyar, akwai gidan da yaran makarantar allo suke bi ta gabansa. Ranar bai iya cin tuwo ba. Matarsa Hafsat ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce a'a.

“Malam, ni dai wannan bin dajin naka bai kwanta mini ba. In mutanensa suka gan ka fa?”

“Ba wanda ya gan ni.”

Ya kai wa Mai Unguwa maganar. Aka sa 'yan sintiri su ƙara sa ido a gefen yamma. Ba abin da ya faru. Salisu ya ce ai don sun ga an farga ne.

Akwai ranakun da Inuwa yakan manta abin da ya kawo shi. In tsohon ya ɗaga madubi, shi ma sai ya bi da ido ya ga me ake kallo: zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ko ragon maza yana rarrafe cikin duhuwa da jajayen fikafikansa. A nan aka haife shi, amma rabonsa da tsayawa ya dubi waɗannan tun yana yaro mai harbi da danƙo. In ya tuna kansa sai ya ji haushi, ya ce a ransa ai haka mayaudara suke, sai sun sa ka saki jiki.

Da kaka ta kama, shamuwa ta tashi ta bar rimin fayau, shirwa ta dawo tana shawagi a kan mahauta. Dawa ta yi tsawo ta fi mutum. A gindinta ƙuduji ya yi fure, kyakkyawa da shi, duk da manoma sun tsane shi don yana kashe musu amfani. Wata safiya Yona ya bar hanyar da ya saba, ya kutsa cikin wata gonar dawa. Inuwa ya ce yau dai za a haɗu da waɗanda ake yi wa aiki. Ya ajiye rigar, ya bi shi a hankali, yana raba kara da hannu.

Bai ankara ba sai ga su gaba da gaba. Tsohon yana tsugune kan furen ƙuduji. Ya ɗago, suka haɗa ido.

Inuwa ya buɗe baki zai yi sallama, amma Yona ya zabura ya yi baya, malafarsa ta faɗi. Ya juya ya ruga cikin dawa yana karya kara, gudu irin na tsoho mai ban tausayi, yana tuntuɓe yana tashi, har ya ɓulla titi. Kafin Inuwa ya fito ya tare keke ya tafi.

Inuwa ya komo da malafar a hannu. Salisu ya yi ta murna.

“Mara gaskiya ke nan! Me ya sa ya gudu in ba shi da abin ɓoyewa?”

Tsohon bai sake zuwa ba. Mutane suka riƙa tsayawa gindin dogon yaro suna yi wa Inuwa sannu da ƙoƙari. Shi dai yana amsawa, amma idon tsohon ya tsaya masa a rai. Ya taɓa ganin ɓarawon da aka kama a kasuwa, kuma ba irin wannan kallon ya yi ba.

Ana cikin haka Mai Unguwa ya aiko a kira shi. Da ya shiga zauren ya tarar da Yona zaune a kan kujera, ƙafarsa ɗaya naɗe da bandeji. Kusa da shi wata mace ce tsaye da jaka a hannu, fuskarta a murtuke. Salisu ma ya biyo baya ya raɓe a bakin ƙofa.

“Shi ne,” in ji matar, tana nuna Inuwa. “Ranka ya daɗe, wannan ne.”

Mai Unguwa ya ce, “Wannan Priskila ce, 'yar Malam Yona, malamar asibiti. Ta zo da ƙara. Ta ce akwai mai yi wa masu garkuwa leƙen asiri a unguwar nan, yana bin mahaifinta tun farkon damina. Ta so ta wuce wurin 'yan sanda, shi ya ce a fara zuwa nan.”

Inuwa ya dafa ƙirji. “Ni?”

Priskila ta miƙa wayar mahaifinta. Mai Unguwa ya riƙa turawa da yatsa, Inuwa na leƙe ta kafaɗarsa. Ga shamuwa a kan rimi. Ga albasar kwaɗi. Ga Inuwa a bayan kuka, rabin fuskarsa a waje. Ga bado, ga mulufi. Ga Inuwa tsugune yana tona ƙasa da tsinke. Ga shi kuma a gindin giginya ya kafa kunne, da riga a cinya, allura ko zare babu.

“Duk inda na juya yana nan,” in ji Yona.  “Ba ya gaishe ni, ba ya matsowa. Na ɓoye wa yaran nan don kada su hana ni fita. Ranar da ya biyo ni cikin dawa na ce shi ke nan, yau za a tafi da ni.”

Mai Unguwa ya yi gyaran murya, ya sunkuyar da kai. “Malam Yona, ni na sa shi. Mu ma tsoronka muke ji.”

 Priskila ta dubi wannan ta dubi wancan.

“Tsoron Baba? Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa?”

Inuwa ya ce, “Baba, na ji ka da kunnena kana cewa sun ƙaru, suna gefen yamma, manyan ba su fito ba. Da wa kake magana?”

“Da kaina. Idona ba ya ganin rubutun waya, sai in yi magana ta ɗauka. Gado nake nufi, ranar sheƙunansu sun ƙaru.” Ya karɓi wayar ya lalubo, ya kunna. Muryarsa ta fito, ga kukan gado a bayanta kamar kasuwa.

Salisu ya kasa haƙuri daga bakin ƙofa. “To wa kake kai wa? Wa ke biyan ka?”

“Ba kowa. Likita ya ce in riƙa tafiya saboda hawan jini. Ina yaro kakata takan zo da ni fadamar nan tsinkar tafasa. Wajenmu duk an gine. Nan ne ya rage da mutum zai ga abin da kowane wata ke kawowa. Ina son ganinsu ne.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

Salisu ya taɓe baki ya fita. A fuskar Mai Unguwa ma an ga amsar ta yi masa ƙanƙanta. Duk da haka ya ba da haƙuri, ya yanke cewa in ƙafa ta warke Malam Yona ya ci gaba da zuwa, amma ya riƙa biyowa ta wurin Inuwa su tafi tare a fili, kowa ya huta. Priskila ta ce ba ta so, mahaifinta ya ce yana so. Kafin su tafi ta ɗauki hoton Inuwa da tata wayar, ba ta ko nemi izini ba.

Da sanyi ya shigo suka fara fita tare. Da farko ba sa magana sosai, kowa na lura da hannun ɗan'uwansa. A hankali Yona ya fara miƙa masa madubin. Ran da Inuwa ya fara ganin alhudahuda ta cikinsa, da tukkunsa a buɗe kamar mafici, har ya kai hannu zai taɓa. Suka ga minjirya ta zubar da ganye ta yi jan fure a kan ƙaya tsirara. Suka ga belbela na bin shanun da suka sauko cin karan gona, da malam-buɗe-littafi masu ruwan goro suna zagaya tumfafiya, alhali kome ya bushe. Yona ya nuna masa wasu ƙananan tsuntsaye masu kaɗa jela a bakin sauran ruwan kududdufi, ya ce daga ƙasashen Turawa suke zuwa gudun sanyi. Inuwa bai yarda ba, amma bai musa ba.

Ɗorawa ta fara sako jajayen tutunta ke nan, wata safiya suka gangara suka tarar an kakkafa turakun siminti a fadamar, an shafa musu jan fenti, tun daga giginya har bakin kududdufi. Wata tifa tana juye yashi a inda albasar kwaɗi ke fitowa.

Kafin azahar labari ya gama unguwa. Salisu yana zuba shayi yana ɗaga murya.

“Na faɗa muku! Ba masu garkuwa yake wa aiki ba, masu filaye ne. Shekara guda yana auna wurin da madubi, mu kuma muka ba shi ɗan rakiya.”

Maganar ta shiga Inuwa. Ya tuna yadda tsohon ya san kowane lungu na fadamar, da yadda yake ɗaukar hoto ta kowace kusurwa. Washegari da Yona ya sauko daga keke, Inuwa bai tashi ba.

“Baba, zan tambaye ka, don girman Allah ka gaya mini gaskiya. Kai ka kawo mutanen nan?”

Yona ya dube shi.

“Malam Inuwa, har yanzu?”

“Tambaya na yi.”

 Tsohon ya juya ya kira mai keken da ya kawo shi, wanda bai riga ya yi nisa ba, ya hau.

Sai bayan makonni Mai Unguwa ya gano yadda aka yi. Magadan mai fadamar, waɗanda ke zaune a Kaduna, su suka sayar da ita tun kafin Yona ya fara zuwa, rigimar rabo ce ta jinkirta aikin. Salisu ya ce wannan bai wanke kowa ba. Inuwa bai tsaya jin sauran ba, ya naɗe aikinsa ya hau acaɓa zuwa Wusasa, yana tambaya har aka nuna masa gidan.

Priskila ce ta buɗe ƙofa. Ta dube shi, ta leƙa bayansa ta dubi ɗan acaɓan, ta dubi titi hagu da dama.

“Kai kaɗai ne?”

“Ni kaɗai ne.”

“Wa ya nuna maka gidan?”

“Wata mai ƙosai a bakin coci.”

Ta matsa ya shiga. Ba ta rufe ƙofar ba, kuma ba ta bar tsakar gidan ba, ta jawo kujera ta zauna inda take ganinsu. Inuwa bai ji haushi ba.

Yona na zaune gindin mangwaro. Inuwa ya tsuguna ya gaishe shi, ya faɗi abin da Mai Unguwa ya gano, ya ce ya zo neman gafara. Tsohon ya saurara yana kallon ƙasa.

“Na ji zafi,” in ji shi. “Amma ni ma a ranar sai da na ce a raina ko kai ka kai su, tun da ka ga inda nake so. Zauna a kujera, ƙasar akwai tururuwa.”

Inuwa ya zauna.

“Sun kai ina da ginin?”

“Sun sare giginya. Kududdufin dai sun bar shi, wai ya yi zurfi.”

Yona ya gyaɗa kai a hankali. “Akwai sauran ruwa?”

“Kaɗan. Jiya na ga wani tsuntsu a bakinsa, ban san shi ba. Ƙafafunsa dogaye jajaye, bayansa baƙi, bakinsa siriri kamar allurata.”

Tsohon ya gyara zama. “Shi kaɗai ko da ɗan'uwansa?”

“Su biyu.”

“Priskila, miƙo mini takalmina.”

“Baba, rana ta yi. Ba inda za ka yau.”

Suka yi ta ja-in-ja. A ƙarshe aka tsaya a kan gobe da safe, kuma ita za ta kawo shi da kanta a motarta, ta jira su a bakin Ƙofar Kuyambana.